Tambayoyi Goma Sha Biyu a Gindin Mangwaro

A shekarar da aka tura mu bita, tsofaffi bakwai aka sare a yankinmu tun kafin masara ta fitar da gemu. Na bakwai ɗin Mzee Fondo ne, wanda ya koya wa rabin garin nan karatu, har da ni. Da rana tsaka aka tare shi a gonar rogonsa, aka raba masa kai da adda, aka datse hannun da ya ɗaga don ya kare fuskarsa. Ni na taya 'yarsa tattara shi cikin tabarma, hannun kuwa sai da muka neme shi a tsakanin kunyoyin rogo. Laifinsa furfura, da kuma wani saurayin maƙwabta da ya haukace. Aka ce maye ne. Daga nan duk tsohon da ke da shilin hamsin sai ya sayi baƙin rini ya dulmiye kansa, ka ga mutum haƙori biyu suka rage masa a baki amma gashi baƙi wuluk kamar na ango. Mun yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

Sunana Kanze. Shekara goma sha ɗaya ina zagayen gidaje a ƙauyukan bayan Kilifi, ina wanke gyambo, ina tsare masu tari har su haɗiye ƙwayoyinsu, ina yi wa surukai tatas idan sun bar tsohuwa kwance cikin fitsari. Ba gidan da ban san inda tukunyarsa take ba. Shi ya sa da aka ce wata mata za ta zo daga Nairobi ta koya mana yadda ake kare tsofaffi da marasa galihu, na ja tsaki. Na dai tafi, don an ce duk wanda ba shi da takardar shaidar wannan kwas ba zai sake shiga gidan kowa da sunan aiki ba.

Mu ashirin da shida ne a zauren coci: ma'aikatan jinya, magatakardan dagatai, 'yan sanda biyu, ɗaya mace, sai irina masu yawo da ƙafa. Malamar, Madam Nekesa, gajeruwa ce mai tabarau rataye da igiya, muryarta kamar ta kwana ba ta ci ba. A rana ta biyu ta yi mana bayanin gigin tsufa. Ta ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa kamar yadda hawan jini yake ciwo, mai shi yakan fita yawo bai san inda ya nufa ba, yakan tuɓe, yakan yi hira da matattu. Na zauna ina jero mutum bakwai ɗin nan a raina, na ga huɗu daga cikinsu haka suke. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ita na ji wa haushi, don me ba ta zo tun bara ba.

A rana ta uku ta sa aka ture kujeru gefe. Ta yafa zani a ka, ta zauna dirshan a tsakiyar zauren.

"Ni ce tsohuwar," ta ce. "Ku ne mutanen gari. Yaro ya mutu. Ku yi abin da aka saba yi."

Da farko kunya ake ji, ana ta ƙyalƙyala. Sai wata nas ta ce, "Ke kika cinye shi." Wani ya ɗora, "Mun gan ki tsirara a kan kabari." Aka fara matsowa, aka fara dukan tebura. Ban san lokacin da na tsinci kaina a sahun gaba ina nuna ta da yatsa ina kumfar baki ba. Thoya, magatakardan wani dagaci, mutumin da ko ƙuda sai ya nemi izini kafin ya kore shi, ya ɗauki gorar ruwa cike ya wurga mata. Ta same ta a baki. Jini ya gangaro kan farar rigarta.

Kowa ya sandare. Ta duba agogonta, ta tofa jinin a ƙyalle.

"Minti biyu da rabi," ta ce. "Kuma ku kun karya kumallo, ba wanda ɗansa ya mutu a cikinku. Thoya, zauna ka daina makyarkyata, ba kai kaɗai ba ne."

Da wannan kumburarren leɓen ta koya mana sauran. Kada ka gudu. Kada ka tsaya gardamar akwai maita ko babu. Ka sa jikinka tsakanin taro da tsoho, ka riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya da sunansu da na iyayensu mata, don taro ba shi da kunya amma mutum guda yana da ita. Daga ranar na fara ganin girmanta, ko da yake ban faɗa mata ba.

Da yamma ta raba mana fom mai tambari a samansa, tambayoyi goma sha biyu. Takwas na farko don gane gigin tsufa ne, huɗu na ƙarshe don gane ko ana cutar da tsoho a gida. Washegari za mu fita bibbiyu mu gwada su a kan tsofaffi na gaske.

"Sharaɗi ɗaya," in ji ta. "Daga kai sai tsoho. Ba ɗa, ba suruka, ba maƙwabci."

Na ɗaga hannu. "Madam, a nan in kika shige ɗaki da tsohuwa da takarda kika rufe ƙofa, kafin ki fito an ce kin sa ta dangwala ta sayar da gona. Ba mayya kaɗai ake sarewa ba."

"To kada ki rufe ƙofa. Ki raka ta rijiya, ki raka ta gona, ki ce za ki duba mata ƙafa. Amma kunne na uku kada ya ji, Kanze."

Na gyaɗa kai. A zuciyata na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da Thoya aka haɗa ni. Ya zo da riga mai karin guga da jaka cike da biro, har da ɗan gwangwanin tawadar dangwale na ofishinsu. Muka hau acaba zuwa ƙauyen Kwa Masha, wurin wata tsohuwa, Hawe Nyevu. Ni na zaɓe ta, don na san gigin ya fara taɓa ta, kuma ina so sunanta ya shiga takarda tun kafin wani ya rigaye ni da wata magana.

Hawe Nyevu ta haura tamanin. Mijinta Ngumbao ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta biyar, huɗu sun rasu, ɗaya ya shiga Mombasa ya manta hanya. Tana zaune a ɗan ɗakin laka a gefen gidan Baya, ɗan ƙanen mijinta, mai hawan kwakwa yana tatsar bammi. Ita ba ta rina kai ba, ta ce furfurarta ba ta sata ba ce. Kunnenta ya yi nauyi, sai ka ɗaga murya kamar mai kiran jirgin ruwa.

Abin da na sani kuma ban ba shi nauyinsa ba shi ne, kwana tara kafin nan an binne Kache, 'yar Baya da matarsa Dama, 'yar shekara shida. Zazzaɓi ne da jijjiga, kwana biyu ta tafi. Har ranar gidan bai watse ba. Mata na zaune a tabarmi, samarin da suka haƙa kabari na bayan ɗaki suna ƙarasa bammin makoki tun hantsi.

Muka yi gaisuwa, muka yi ta'aziyya. Idon Baya na kan jakar Thoya.

"Kanze, yau kuma da takarda? Da can da sabulu kike zuwa."

"Ta lafiyar Hawe ce."

"Ba dai ta gona ba?"

"Kai Baya, ko takardar ƙunshin kifi ka gani sai ka ce ta gona ce. A kawo kujeru gindin mangwaro kowa ya ji, ba abin ɓoyo."

Da bakina na faɗa, ba wanda ya tilasta ni. Gani nake dabara na yi, na toshe bakin masu cewa gona. Thoya ya matso kunnena.

"Yaya Kanze, Madam fa ta ce..."

"Madam 'yar Nairobi ce, ni a nan aka binne cibiyata. Buɗe biro."

Aka fito da Hawe tana dogara sanda, ta zauna, ta ƙare wa Thoya kallo.

"Wannan mijin kika kawo min? Duk ƙashi ne. Mai da shi a ba shi tuwo tukuna."

Aka yi dariya, har matan makoki. Na ji daɗi, na ce ka ga aiki irin na 'yan gari. Na fara karantowa da ƙarfi, Thoya na rubutawa. Ta faɗi sunanta daidai. Shekara ta ce ba ta riƙe ta ba, shekara ai ta masu albashi ce. Da na tambayi sunan dagaci ta kira wanda ya mutu tun ina budurwa, aka sake fashewa da dariya, samarin bayan ɗaki suka zagayo da kofunansu su ma su sha kallo. 'Ya'yanta ta jero su biyar, ta ce duk suna gona. Ta ce eh, takan ajiye abu ta neme shi ta rasa, amma ɓarayin gidan nan ne.

Sai ta shida. Na ɗaga murya yadda na saba.

"Hawe, kina fita ki tsinci kanki a wani wuri ba ki san yadda kika je ba?"

"Ina fita mana. Ƙafar ce ke tashi da ni. Wani lokaci sai gari ya waye in gan ni a ƙofar Dama, ko zani babu. Ran nan ma a kan sabon kabarin nan na farka, raɓa ta jiƙa ni sharkaf."

Dariyar ta ɗauke. Na ji wata mata ta ajiye tiren shinkafar da take tsincewa. A nan ya kamata in naɗe takardata in ce za mu dawo wata rana. Amma na ce a raina in na tsaya yanzu za a ce na ji abin tsoro ne na rufa mata asiri, gara in wuce da sauri kamar ba komai. Na karanta ta bakwai, muryata ƙasa-ƙasa.

"Me kika ce? Buɗe baki, yarinya."

Dole na maimaita da ƙarfi. "Kina ganin mutanen da wasu ba sa gani?"

Fuskarta ta washe. "Kache tana zuwa kullum. Ni nake kiranta. Na ce mata rabu da uwarki ki zo wurina, ai kuwa ta zo, ga wurin zamanta nan gefena."

Ni na san abin da take nufi. Kafin ta rasu, yarinyar kullum tana gindinta, tana tsefe mata furfura, tana cin gasasshen kashu a zaninta. Kowa a gidan ya san haka. Amma ranar ba wanda ya tuna.

Thoya bai ɗago ba, kansa na kan fom, irin mutanen ofis da ba sa iya barin layi ba a cike ba. Ya ga na yi shiru, sai ya karanto ta takwas da kansa, da ƙarfi, don ya taimaka min.

"Hawe, me kika ci jiya?"

"Nama," ta ce, tana lasar baki. "Ɗan ƙarami, mai taushi. Ko haƙori bai nema ba."

Ɗan akuyar da aka yanka ranar binnewa take tunawa. Rabonta da nama ke nan.

Sauran tambayoyi huɗun na kalle su: akwai mai dukanki a gida, akwai mai hana ki abinci. Ga Baya tsaye a kanmu. Sai a lokacin na gane dalilin sharaɗin Madam gaba ɗayansa. Thoya ya ja musu layi, ya buɗe gwangwanin tawada, ya kama babban yatsan Hawe ya dangwala a ƙasan takardar, don a ofishinsu haka ake rufe kowace takarda. Ba wanda ya koya mana wannan a bita.

Na miƙe, na juya wajen mutane. "Ku saurara. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, yana da suna, likitoci sun san shi. Duk abin da ta faɗa..."

Ban ga tasowar Dama ba. Tun zuwanmu tana kwance a tabarma fuskarta a bango. Kujerar kankare kwakwa ta ɗauko, mai haƙoran ƙarfe a baki, ta ɗaga ta da hannu biyu ta sauke a fuskar Hawe. Na ji ƙarar ƙashi. Tsohuwar ta kife daga kan kujera, idonta na hagu ya fashe, fatar goshi ta zazzago ta rufe shi.

"'Yata kika ci," Dama ke faɗa, muryarta a dishe, ba ihu ba. "Mai taushi, ko? 'Yata ce mai taushi."

Baya ya fizge fom daga hannun Thoya ya ɗaga sama. "Kun ji da kunnenku. Ga shi gwamnati ta rubuta, ga tambari, ga yatsanta. Ta amsa da bakinta."

Thoya ya yar da jaka ya ranta a na kare, ya bi ta cikin rogo. Na tsine masa a lokacin. Daga baya na ji waya ya je bugawa inda akwai sabis, a kan tudu.

Na faɗa kan Hawe na rufe ta da jikina. Sanda ta farko ta sauka a gadon bayana, ta biyu a kafaɗa, wani dutse ya fasa min kunne. Na ɗago kai na fara abin da aka koya mana.

"Kitsao ɗan Jumwa, ni na wanke uwarka wata huɗu tana kwance. Ajiye sandar nan. Yaa ɗan Sidi, ina ganinka, Hawe ce ta yanke maka cibiya. Mwenda, ke ma? Da cikin naki?"

Kuma wallahi ya yi aiki. Kitsao ya kalli sandar hannunsa kamar wani ne ya ba shi ajiya, ya sake ta. Yaa ya ja baya. Mwenda ta rufe fuska da zani ta fashe da kuka. Wasu mata biyu suka rirriƙe Dama tana fizge-fizge tana cizonsu. Na samu 'yar kafa, na cicciɓi Hawe, ba ta fi buhun gawayi nauyi ba, na ja ta cikin ɗakinta, na rufe ƙyauren langa-langa na tokare shi da turmi.

A cikin ɗakin na yage gefen zanina na ɗaure mata kai. Jini ya ƙi tsayawa, yana bi ta tsakanin yatsuna. Tana karkarwa tana kiran mijinta.

"Ngumbao, ka zo, shanu sun shigo gida. Ngumbao."

"Yana zuwa, Hawe. Kwanta."

A waje ana jifan ƙyaure, Baya na ta karanta takardar da ƙarfi, yana maimaita amsoshin ɗaya bayan ɗaya ga duk wanda ya shigo. Na fi rabin awa zaune bayana jingine da turmi, ina jin muryoyin da na sani suna raguwa, har na fara sa rai. Sai na ji ƙugin babura. 'Yan acaban mararraba ne, labari ya kai musu cewa an kama mayya a Kwa Masha, ta amsa laifinta gaban ma'aikatan gwamnati har ta dangwala. Na leƙa ta hudar ƙyaure, sun fi goma sha biyar, wasu ko hular kwano ba su cire ba. Na duba fuska bayan fuska ina neman wanda zan kira. Ban san sunan ko ɗaya ba, balle na uwarsa.

Ɗayansu ya zuƙo fetur daga tankin babur a gora, ya watsa a rufin. Rufin ganyen kwakwa ne, ya sha rana wata uku. Wuta ta kama shi gaba ɗaya kamar ana jira, hayaƙi ya cika ɗakin, garwashi na zubo mana a ka. Gashina ya fara ƙauri. Na riƙe numfashi iya iyawata, na ce ko da minti ɗaya ne a ƙara, amma da wani itacen rufi ya faɗo kan gadonta ya kama katifa, sai na ture turmin na buɗe.

A bakin ƙofa suka karɓe mu. Wani ya kama ƙafata ya ja ni a ƙasa, na riƙe zanin Hawe, zanin ya kwance ya biyo ni ya bar ta tsirara a gaban jikokin sa'o'inta. Wani ya taka min wuya da takalmin roba. Ina kallo ta ƙarƙashin ƙafarsa suna dukanta da sanduna da duwatsu da sarƙar babur, ƙafarta ta karye ta juya baya, tana ta ɗaga hannu kamar mai gaisuwa. Baya ya shigo da addar da yake hawa kwakwa da ita. Na ciji ƙafar da ke wuyana har na ji gishirin jini, mai ita ya yi tsalle, na rarrafa na kai hannu kan kanta daidai lokacin da addar ta sauko. Ban ji zafi ba. Na dai ga yatsuna biyu a cikin yashi, ƙaramin da na kusa da shi, na yi mamakin ƙanƙantarsu. Saran na biyu ya same ta tsakanin wuya da kafaɗa.

Sai ƙarar bindiga, sau uku a sama. A-kori-kurar 'yan sanda ce, da 'yar sandan nan da muke bita tare, da Madam Nekesa a gaba, da Thoya a baya yana kuka kamar yaro. Kafin ƙura ta lafa babura sun watse, Baya ya bi ta cikin kwakwa, matan sun shige ɗakuna. Dama kaɗai ta rage, zaune a gindin mangwaro ta miƙe ƙafafu, tana kallon ɗakin yana ci.

Aka shimfiɗa Hawe a bayan mota, aka rufa mata zanin wata. Na ɗora kanta a cinyata. Madam ta cire ɗankwalinta ta ɗaure min dungulmin hannu, ta ja ƙulli da haƙori. Motar ta kama hanyar burji tana jijjiga mu, asibiti kuwa tafiyar awa guda ce. Madam ta danne saran wuyan da tafin hannunta biyu, ba ta kalle ni ba.

"A ina kika yi mata tambayoyin?"

"A gindin mangwaro."

"Mutum nawa?"

"Duk gidan."

Ba ta ƙara cewa komai ba. Da ta zage ni da na fi so. Da ta mare ni da na gode mata. Garin gyaran gira na tsone ido, kuma ba nawa idon ba. Shekara takwas ke nan yanzu, an ɗaure Baya, Dama ta koma gidan iyayenta, Thoya ya bar aikin ofis yana sayar da gawayi. Mutane in sun ga hannuna sukan ce Kanze jaruma ce, ta ba da yatsunta saboda tsohuwa. Nakan ƙyale su, don ba ni da ƙarfin gyara musu labari kullum. Amma ni na san Hawe Nyevu ta yi shekara uku tana yawonta ba zani, gidan na gani suna kawar da kai, ba wanda ya taɓa ta sai ranar da na zo na sa ta faɗa da bakinta a gaban uwar da ta binne 'ya. Baya ya riƙe adda, ni na wasa masa ita.

A motar ranar, mun wuce gadar rafi ke nan Hawe ta buɗe idon da ya rage. Ta daɗe tana kallon sama, ganyen kashu na wucewa a kanmu. Sannan ta juyo da shi kaina. Babu tsoro a cikinsa ko kaɗan, gigin ya riga ya share komai. Ta ga kunnena, ta ga ɗankwalin da ya jiƙe a hannuna, ta yamutsa fuska.

"'Yar nan, kin ji ciwo."

"Ba komai, Hawe."

"Me kika ce?"

Na sunkuya na sa bakina a kunnenta. "Na ce ba komai."

"Ba komai ina, ga jini har a zanina. Wa ya yi miki haka? Faɗa min sunansa. Duk yaran garin nan na san iyayensu, yanzu in je in sami uwarsa."

Madam ta kawar da kai, hannunta bai bar wuyan ba.

"Faɗuwa na yi, Hawe."

"A ina?"

"A hanya."

Ta ɗago hannunta da kyar, babban yatsan har yanzu shuɗi da tawada, ta shafa min kumatu ta bar jini a wurin.

"Ku yaran yanzu sai sauri," ta ce. "Ki riƙa duba gabanki."

Na ce to. Ta rufe idon kamar mai shirin barci, ta ɗan gyara kanta a cinyata. Ba mu kai kwalta ba numfashinta ya ɗauke, Madam ta janye hannuwanta, ta buga rufin motar ta ce wa direba ya rage gudu.